Wainar Tarewa

A farkon sanyi na shekarar da suka koma kudancin kogi a Seoul, wata Laraba da almuru, Bang Miran tana yanka kabeji sai ta ji wani abu ya daki gilashin baranda. Ta ajiye wuƙar. Gidan yana hawa na goma sha tara, babu bishiyar da ta kai nan, babu hannun da zai iya jefo abu har nan. Ta je ta duba. Gilashin yana rufe, bai tsage ba, amma a kan daɓen baranda, ta ciki, ga wani ɗan dutse jiƙe da jan laka, kamar yanzu aka tono shi.

Ta ɗauke shi da tsumma ta jefa a shara, ba ta gaya wa kowa ba.

Ita ta zaɓi unguwar, kuma ba da wasa ta zaɓe ta ba. Ta taka daga ƙofar benen zuwa tashar jirgin ƙasa da ƙafarta. Ta tsaya a bakin makarantar ta kalli takalman yaran da irin motocin iyayensu. Ta zo da safe ta zo da yamma don ta ga yadda rana ke shiga falo. Mijinta, Yeom Taegon, ya so su zauna a tsohuwar unguwarsu ta arewa, kusa da mahaifiyarsa, inda matan kasuwa suka san 'yarsu Nari tun tana goye. Miran ta ce masa matan kasuwa ba za su rubuta wa yarinyar jarrabawar shiga jami'a ba. Ya tattara kaya ya bi ta, ba da son ransa ba.

Ranar tarewa surukarta ta aiko da babban faranti na wainar shinkafa mai jan wake, irin wadda sabon zuwa ke rabawa maƙwabta ƙofa-ƙofa. Miran ta kira ta a waya.

"Inna, nan fa ba a yin haka. Ba wanda zai buɗe ƙofa. Sai dai su ce 'yan ƙauye sun tare."

Wainar ta yi kwanaki a baranda har ta yi fumfuna, aka zubar.

Bayan Larabar nan, duwatsun ba su fasa ba. Da zarar rana ta faɗa bayan benayen yamma, hasken falo ya koma ruwan toka, sai gidan ya yi tsit, har firiji kamar ya ɗauke numfashi. Sannan dutse ya faɗo. Ba daga taga ba, daga tsakiyar falo, daga inda babu komai sai farin silin. Ya daki katakon ƙasa, ya gangara, ya bar sawun laka.

A mako na biyu wanda ke zaune a ƙarƙashinsu ya hau. Sunansa Pyo, dattijo ne mai ritaya, yana zaune shi kaɗai, gajere mai faɗin kafaɗa.

"Kai, na sama. Wasan ƙwallo kuke yi ne da duwatsu a kaina?"

Taegon, da ya dawo aiki a gajiye, ya ce su ba su da ƙaramin yaro.

"To uban wa ke jifan? Ni na yi ƙarya ke nan?"

"In kunnenka ya yi tsufa, Dattijo, likita za ka nema, ba ƙofata ba. Mai son shiru ya koma gona."

Pyo ya dube shi daga sama har ƙasa, ya juya. Daga ranar ya sayi guduma ta roba. Duk sanda dutse ya faɗo, sai a ji amsa daga ƙasa, bugu uku a silin ɗinsa, har kofuna su yi ƙara a kan tebur.

Nari shekararta goma sha biyar, yarinya ce mai shiru, daga makaranta sai lesin. Wata yamma ba ta tafi lesin ba. Uwar ta same ta durƙushe a baranda cikin kayan makaranta, ta kife tukunyar fure, tana tona ƙasar da farce tana shinshinawa.

"Nari? Me kike yi haka?"

Yarinyar ba ta waiwayo ba. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsoho ce, busasshiya, mai nauyi.

"Wannan ba ƙasa ba ce. Ku sauka daga kaina."

A asibiti aka ɗauki hoton kanta aka auna jininta, likita ya ce gajiyar karatu ce, ya rubuta maganin barci. Da rana Nari takan zama kamar kowa, sai dai ba ta cin abinci, kuma ba ta tuna komai. Da almuru kuwa sai muryar ta dawo, tana zagin mutanen da ba a sani ba, tana kiran sunayen lunguna da ba a taɓa ji ba.

Taegon ya ce mahaifiyarsa ta san wani malami mai karatun korar iskoki. Miran ta ce sai dai bayan ranta.

"Ganga a wannan benen? Gobe iyayen ajinsu duka sun ji. Ka san me za su kira ta? Ka san me dillalai za su ce da gidan nan?"

"Gidan! Dubi wuyan 'yarki, Maman Nari. Ke kika auna hanyar tasha, kika auna rana, ki auna wannan mana."

"Ai kai ba ka auna komai ba. Kana zaune a gindin uwarka kamar tulu."

Suna cikin haka iska mai sanyi ta ratsa falon. Nari ta buɗe babbar tagar baranda, ta ɗora gwiwa ɗaya a kan ƙarfen, tana kallon ƙasa can nesa inda fitilun motoci suka fara kunnuwa. Taegon ya cafko ta ta ƙugu, suka faɗi tare. Ta dube shi da idon da ba nata ba.

"Ƙasa nake nema," in ji muryar. "In ba ku kawo ta ba, ni zan kai yarinyar."

Miran da kanta ta ɗauki waya ta kira surukarta a turo malamin.

Malam Gong ya zo daga wani gari na kudu da Seoul, tsoho siriri cikin jaket irin ta kowa, da ganga da ƙaramin kuge a cikin jakar tafiya. Miran ta roƙe shi ya shigo ta wajen ajiye motoci don kada a gan shi. Bai yi musu ba. Da ya shiga falo ya tsaya ya daɗe, sannan ya tambaya:

"Me ke nan wajen kafin a yi benen?"

Miji ya dubi mata. Mata ta dubi taga.

"Dillali bai faɗa ba," in ji Miran.

"Kin tambaye shi?"

Ya sa aka sayo wainar shinkafa mai jan wake, faranti guda, da ɗuminta. Ya yanyanka farar takarda ya rataya a bakin ƙofofi. Ya zaunar da Nari a tsakar falo, shi ma ya zauna a gabanta, ya jira har hasken ya dushe. Sannan ya fara karatu, a hankali, ganga a hannun dama, kuge a hagu. Bai yi nisa ba gudumar Pyo ta fara amsawa daga ƙasa. Malam bai tsaya ba. Duwatsu suka riƙa faɗowa kewaye da shi, ko ɗaya bai taɓa shi ba.

Kan Nari ya ɗago.

"Kai mai takardu. Ka cika ni da surutu."

"Wane ne kai, kuma me ya haɗa ka da 'yar mutane?"

"Ni ne mai ƙasar nan. Tudu ne, da gidajen kwano da rijiya. A bayan gidan da ke nan akwai tulu nawa, an rufe shi da ciyawa, duk kaka a zuba mini sabuwar shinkafa. Talakawa ne, amma ba su taɓa mantawa ba. Duk wanda ya tare sai ya raba waina, in ji ƙamshinta, in san an yi sallama. Aka zo da injuna aka kore su, aka fasa tulun, aka kwashe ƙasata a manyan motoci, aka haƙa rami aka cika shi da motoci. Sannan aka jibga mini ɗaruruwan mutane a ka. Ko ɗaya bai ce sannu ba."

"To me ya sa wannan gidan, ba sauran ba?"

"Sauran ba su kawo komai ba. Waɗannan sun kawo. Na ji ƙamshi, na hau har nan da tsufana, na zauna ina jira a raba. Suka bar ta ta ruɓe a gabana." Yatsan yarinyar ya nuna Miran. "Waccan ta zubar."

Miran ta toshe bakinta da hannu.

"An yi maka laifi," in ji Malam. "Amma yarinyar ba ta yi ba. Ga waina sabuwa, ka karɓa ka sake ta."

"Waina ba tawa ba ce, mai takardu, ka fi kowa sani. Ta maƙwabta ce. Kowace ƙofa a benen nan ta buɗe ta ci, in tafi."

"Ka san ba za su buɗe ba. Kana neman hujjar riƙe ta ne."

"To rabinsu."

"Ɗaya," in ji Malam, ya buga kugen da ƙarfi har yarinyar ta runtse ido. "Maƙwabci ɗaya, ya shigo ya ci a gabanka. In ka ƙi, ga kwalba a jakata, zan yi ta karatu har in cusa ka ciki in binne ka a mararrabar hanya."

Daga ƙasa guduma ta sake bugawa.

"Ɗaya," in ji muryar. "Amma a gaya masa gaskiya, ya san abin da yake ci dominsa. Kuma kafin wainar ta huce."

Miran ta buɗe baki, Taegon ya dube ta, ta rufe. Ya ɗauki farantin ya fita.

Ya danna ƙararrawar ƙofar da ke kallon tasu. Ƙaramar fitilar kyamara ta kunnu, ya ji motsi a ciki, fitilar ta mutu. Ya hau sama. Wata murya ta ce ta cikin lasifika ba sa sayen komai. A wata ƙofar mace ta ce ya ajiye a ƙasa ya tafi. Da ya ce dole sai ta shigo gidansa, ta ce za ta kira masu gadi. Ya bi hawa bayan hawa, yana danna ƙararrawa da gwiwar hannu, takalma da kekunan yara a bakin ƙofofi suna shaida akwai mutane. Tururin da ke tashi daga farantin ya ragu. A kan matakala ya zagi benen, ya zagi unguwar da makarantarta da tasharta, da ƙarfi, babu wanda ya leƙo ko don ya ga mai zagin.

Ya sauko hawa na goma sha takwas. Bai gama danna ƙararrawa ba ƙofar ta buɗe. Pyo ne, cikin singileti, guduma a hannu, fuska ta yi jajir.

"Yawwa! Ka kawo kanka. Yanzu kuma ganga? Gidan rawa kuka buɗe?"

Taegon ya durƙusa a kan siminti, gwiwa biyu, ya ɗaga farantin.

"Dattijo, na yi maka rashin kunya, ka yi mini duk abin da ka ga dama. Duwatsun da kake ji ba mu ke jefa su ba. Wani abu ne ya shiga jikin 'yata, shekaranjiya ta kusa faɗawa ta taga. Ya ce ba zai fita ba sai maƙwabci ya ci wainar tarewarmu a gabansa."

"Ka sha giya ne?"

"Ban sha ba."

"Wata nawa da tarewarku, sai yau ka san kana da maƙwabci? Ba kai ka ce in koma gona ba?"

"Ni ne."

Pyo ya daɗe yana kallonsa. Ya taɓa gefen farantin da bayan hannu.

"Tashi, sakarai, tana hucewa."

Ya hau matakalar da silifa, gudumar tana hannunsa. A falo ya ga duwatsu da laka, ya ga farar takarda, ya ga yarinyar da yake haɗuwa da ita a lif, na'urar hawa benen, tana gaishe shi da kai a sunkuye. Yanzu tana zaune kamar tsohon manomi, tana harararsa.

"Kai ne mai buga mini guduma," in ji muryar.

"Ni ne. Kai ne mai hana ni barcin yamma? Ba ka ji kunya ba, ƙato da kai, ka rasa wanda za ka kama sai 'yar makaranta?"

Ya yagi waina da yatsu, ya cusa a baki, yana taunawa yana kallon cikin idonta. Jan wake ya zubo masa a singileti. Malam Gong ya ci gaba da karatu, ƙasa-ƙasa, ba ganga.

Nari ta ja dogon numfashi ta hanci, kamar mai shaƙar ƙamshin girki daga nesa.

"Sukari ya yi yawa," in ji muryar. "Da ba haka ake yin ta ba."

Takardun da ke bakin ƙofa suka kaɗa gaba ɗaya, suka tsaya. Yarinyar ta kife a cinyar uwarta. Da ta buɗe ido ta dubi baƙin biyu, ta ja siket ɗinta ta rufe gwiwa.

"Mama, me ya faru? Yunwa nake ji."

Miran ta fashe da kuka, ta miƙa hannu wajen farantin, amma ta kasa yaga. Pyo ya yi tsaki, ya ajiye gudumar, ya yago babban yanki ya miƙa wa yarinyar.

"Ci a hankali. Ke kuma, uwar gida, ba a ba baƙo ruwa a unguwarku?"

Miran ta tashi ta nufi kicin.