Alkakin Ranar Talata

Ranar da Mabruka ta fara ganinsa, hannunta dumu-dumu yake da ruwan sukari, shi kuwa yana tsaye a soron gidansu na Sheshe, gumi ya jiƙa masa riga. Sai da ya turo babur ɗinsa da ƙafa a shingen sojoji har uku kafin ya iso, don shekarar ce da bama-bamai suka tashi a Kano, gari ya koma zaman ɗar-ɗar.

"Sunana Isiyaku. Ni kika kira kan maganar lambar rajista."

Ta buɗe baki za ta amsa, sai ta lura ba fuskarta yake kallo ba, gashin da ya leƙo ta gefen ɗankwalinta yake kallo.

"Malama, a haka kike suya?"

Ka ji mutum! Ko gaisuwa ba su gama ba. Ta tura gashin ciki tana hararsa, amma fa zuciyarta ta buga, ba za a ɓoye ba.

Mahaifiyarta, Hajiya Halima, jikar Larabawan da fatauci ya kawo Kano ce, kuma shekara talatin tana yin alkaki da dublan na garar amare. Tun da rikici ya zo biki ya ja baya, manyan kantuna kuma suka ce ba za su karɓi kayanta ba sai da lambar hukumar kula da ingancin abinci. In babu lambar nan, kaskon da ta gada daga kakarta kifewa zai yi. Aikin Isiyaku shi ne shirya masu ƙananan sana'o'i kafin masu duba su zo.

Ya shigo da dokoki kamar sabon hedimasta. A rufe kai ruf, a auna komai a sikeli, kar a ɗaure leda sai alkaki ya huce. Kowace suya a rubuta ranarta a littafi da inda aka kai ta, sannan a cire guda ɗaya a ajiye a kwalba.

"Yaro, hannuna ne sikelina," in ji Hajiya. "Kuma wa ya taɓa ajiye alkaki a kwalba yana gadi?"

"Hajiya, shi zai gaya mana halin da 'yan uwansa suke ciki a waje."

Hajiya ta taɓe baki. Mabruka ce ta riƙe littafin, da farko don dole, daga baya kuma don in ya zo dubawa yakan daɗe a kan tabarma yana karanta abin da bai fi layi huɗu ba.

Wata rana da safe saƙonsa ya shigo: "Salam. Na manta in tambaya, kin rubuta suyar jiya? Ko da kin rubuta zan zo in gani da idona."

Ta mayar masa: "Malam Sikeli, littafin kake zuwa gani ko mai littafin?"

"Zumata, kin kama ni. Tun ranar da kika harare ni ban ƙara cin abinci ya yi min daɗi ba."

Ta kifa wayar a cinya tana dariya ita kaɗai. Son sa take yi, so mai tsanani.

Akwai wanda abin bai yi wa daɗi ba, wato Ramadan, ɗan wan Hajiya, wanda ya daɗe yana ganin Mabruka tasa ce, tuwona maina.

"Gwaggo, ki daina wahala," ya ce. "Na san mai buga takarda, gobe sai ya manna miki lamba, wa zai bincika a wannan yanayin?"

Hajiya dai ba ta kore shi ba.

Saura kwana tara masu duba su zo, Isiyaku ya ɗaga kwalbar ranar Talata zuwa haske, sai fuskarsa ta canza. Fumfuna ce, fara-fara, a kwance cikin lanƙwasar alkakin.

Mabruka ta tuna nan take. Ranar Talata an ji harbi, aka ce dokar hana fita za ta soma da wuri, sai Umma ta sa aka ɗaure kayan da zafinsu don su isa kafin a rufe hanya. Har na kwalbar ma da ɗumi aka rufe shi.

"Hajiya, dole a karɓo suyar Talata daga duk inda ta je," in ji Isiyaku a hankali.

"A karɓo? In bi gidajen mutane ina cewa kayana sun lalace? Shekara talatin ba a taɓa dawo min da ko ƙwaya ba!"

"Yara za su ci, Hajiya."

"To ka ji da kyau. Wanda zai tona min asiri a gari ba zai auri 'yata ba. Tashi ka ba ni wuri."

Mabruka ta biyo shi soro, idonta jawur.

"Ashe takarda ta fi maka mutuncin Ummata?"

"Mutuncin nata nake karewa, Zumata."

"Kar ka ƙara kira na da sunan nan."

Ya tafi. Bayan la'asar saƙo ɗaya ya turo: "Ba zan kai ƙarar kowa ba, ba aikina ba ne. Amma ki buɗe shafin Talata ki karanta. Ko ba zan same ki ba, ba na so a ci wani abu daga hannunki a cutu."

Ta yi kuka mai isarta, sannan ta buɗe littafin. Da rubutun hannunta: kanti ɗaya, sai daro biyu gidan Hajiya Asibi a Gwammaja, garar 'yarta Lauratu. Jibi za a kai garar nan gidan miji.

Washegari da sassafe ta sa hijabi ta tsaya gaban mahaifiyarta da littafin a hannu.

"Umma, ki yafe min, Gwammaja zan je. In dangin ango suka buɗe daron nan, Lauratu za a yi wa gori har ta tsufa."

Hajiya ta karɓi littafin ta duba shafin. Can ta ce, "Ɗauko min mayafina. Ba a aiken yaro ba da haƙuri."

A tsakar gidan Hajiya Asibi aka kwance daro. Sama lafiya ƙalau, ƙasa kuwa ya yi fari fat. Hajiya Asibi ta dafe ƙirji tana salati, Hajiya Halima kuma ta sunkuyar da kai tana jiran zagi.

Sai ji ta yi an rungume ta.

"Halima, kin rufa min asiri, Allah ya rufa miki. Da wata ce, shiru za ta yi."

A ranar suka karɓo na kanti, suka sake sabuwar suya, aka bar ta ta huce sarai. Da masu duba suka zo, shafin Talata suka fi daɗewa a kai, inda Mabruka ta rubuta abin da ya faru, da dalili, da gyaran da aka yi. Babbar cikinsu ta ce wannan shafin ya fi mata farin tayil ɗin da aka shimfiɗa a ɗakin suyar. Bayan wata uku lamba ta fito, Ramadan kuwa ya ɗauke ƙafa.

Ba a jira fitowar lambar ba Hajiya ta ce, "Kira min Malam Sikelin naki."

Mabruka ta rubuta: "Ka yafe min. Umma na kira. Kuma sunan nan da na hana, na janye."

Ya zo ya durƙusa har ƙasa.

"Isiyaku, na kore ka don ka faɗi gaskiya," in ji Hajiya. "Wanda bai ɓoye min aibin alkakina ba, ba zai cuci 'yata a ɓoye ba. Ka turo magabatanka."

Aka ɗaura aure bayan sallar Juma'a, ba kiɗa ba taro mai yawa, saboda halin gari. Ranar kai gara Hajiya da kanta ta yi suyar. Masu ɗaukar kaya suka fara ƙorafi, hanya za ta rufe, a ɗaure a tafi.

Hajiya ta taɓa alkakin da bayan hannu, ta girgiza kai.

"Bai huce ba. Ko gobe ne a kai."

Ta cire guda ɗaya ta ajiye gefe don kwalba, ta jawo littafin, ta rubuta ranar da hannunta. A gurbin inda aka kai kaya ta rubuta: gidan 'yata Mabruka da ɗana Isiyaku.

Da Mabruka ta ga layin, hawaye suka zubo mata. Hajiya ta dafa kanta.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari, ya zaunar da garinmu lafiya."

Duk gidan aka amsa da amin.