Zaman Sallamar Zmitar

"Likita, don Allah yau za ka yi mini. Yau ɗin nan!"

Yanina na kwance rub-da-ciki a kan gadon asibitin birnin Hrodna, ta danne fuska da hannuwa, muryarta na rawa.

Likitan ya dubi hoton ƙashinta a na'ura ya girgiza kai. "Yarinya, ji nan. Allurar za ta shiga ta ƙarshen ƙashin bayanki, ta sa jijiyar da ke kai zafin barci. Magani biyu ne a ciki. Na farko zai kashe wurin na 'yan sa'o'i, na biyun sai ya kwana biyu kafin ya kama. Kuma wani yakan samu sauƙi, wani ba ya samu. Ban yi miki alkawari ba."

"'Yan sa'o'in ma sun ishe ni..."

Tun da santsin ƙanƙara ya kwashe ta bara waccan ta faɗi zaune, Yanina ba ta ƙara zama kamar mutane ba. A tsaye take cin abinci, a tsaye take shiga mota. Kunya ta hana ta faɗin inda ke ciwon. Ko Zmitar, saurayin da ke shirin aurenta, ciwon baya kawai ta ce masa.

Uwarsa kuwa, Raisa Petrovna, ta daɗe tana ƙullace da ita. Yarinyar da za a ajiye wa wainar dankali a tebur ta ci a tsaye, ai raini ne. Ga Oksana, 'yar maƙwabta da ke son Zmitar tun suna makaranta, ta hango Yanina a asibiti ta kai wa tsohuwa labarin wai ciwon mahaifa ne, ba za ta haihu ba.

Yau Zmitar zai tafi tuƙin tirela ƙasashen waje, sai bazara. Kuma a al'adar ƙasarsu, matafiyi ba ya fita sai duk 'yan gida sun zauna sun yi shiru na ɗan lokaci. Wanda ya ƙi zama ya ɓata hanya. Tsohuwa ta riga ta rantse: in Yanina ta ƙi zama yau, ba za ta shigo gidanta ba.

Allurar ta shiga, ta cije leɓe. Can likita ya ce, "Gwada zama."

Ta zauna.

Babu zafi! Ta fashe da kuka kamar ƙaramar yarinya.

Amma da ta isa gidan su Zmitar, sai aka ce motar da za ta ɗauki Zmitar ta makara. Aka sha shayi, aka ƙara. Yanina na zaune tana murmushi, tana jin zafin yana farkawa a hankali kamar garwashin da iska ta taɓa. Ta miƙe, ta fake da wanke kofuna.

"Kin ga, Gwaggo Raisa? Ta gaji da kujerarku," in ji Oksana tana dariya.

Sai ga ƙarar mota a waje.

"To, a zauna wa hanya," in ji tsohuwa.

Kowa ya zauna. Zmitar ya zauna kan akwatinsa.

Yanina ta kama kujera, ta sauka a hankali. Jikinta na taɓa katakon, ihu ya kuɓuce mata, ta zame ƙasa a kan gwiwoyinta.

"Shi ke nan! Ta ɓata wa ɗana hanya!"

"Raisa Petrovna, wallahi na yi ƙoƙari... Allura na yi yau saboda zaman nan. Ƙashin da ake zama a kai ne, ba mahaifa ba. Ban san ko zan warke ba. Likitan ma bai sani ba..."

Zmitar ya durƙusa gabanta, idanunsa sun yi ja.

"Yanina... rabin raina. Duk tsawon lokacin nan ke kaɗai kike ɗauke da wannan?"

"Ta yaya zan faɗa maka wurin?"

"Sakarya. Ni da zan aure ki?"

"Ba da yawuna ba!" in ji uwar.

Zmitar ya miƙa hannuwa. Ya ɗauke ta cak, ya koma kan akwatin, ya kwantar da ita a gicciye bisa cinyoyinsa, nauyinta a gefe guda, kanta a ƙirjinsa.

"Mama, ga shi ta zauna. Yanzu sai shiru."

Tsohuwa ta buɗe baki, ta rufe. Wace uwa ce za ta yi magana a zaman hanyar ɗanta? Oksana ma dole ta haɗiye nata.

Gidan ya yi tsit. Ba abin da ake ji sai numfashin Yanina, hawayenta na jiƙa wa Zmitar riga. Raisa Petrovna ta zura wa yarinyar ido, ta ga yadda yatsunta suka damƙe hannun ɗanta don azaba, amma ta hana kanta ko nishi don kada shirun ya karye.

Daga ƙarshe tsohuwa ta dafa gwiwa ta miƙe.

"Allah Ya kiyaye hanya." Ta share ido da bakin ɗankwali, ta harari ɗanta. "Tafi kai dai. Ke kuma 'yata, ranar komawa asibiti ki biyo ta nan. Ni zan riƙe ki a mota."