Sunaye Goma Sha Ɗaya a Littafin Baba

Ranar da Auta ta fara ganinsa, ba shi ta je nema ba. Tsohon kafinta ta je nema, wanda sunansa ke layi na bakwai a littafin mahaifinta.

Ta tsaya a bakin shagon tana jira injin yanka katako ya yi shiru. Saurayin da ke kan injin ya ɗago, garin katako ya yi masa fari a gira, ga fensir a bayan kunne. Ya kashe injin, ya amsa sallamarta.

"Mai shagon nake nema."

"Ga shi a gabanki."

"A'a, dattijon."

"Baba ya rasu, shekara biyu ke nan. Ni ne ɗansa."

Auta ta yi masa ta'aziyya, ta ciro ambulan daga jakarta. Ta ce ita 'yar mai gyaran agogo ce, wanda ya rasu wata uku da suka wuce. A cikin durowarsa ta tarar da littafin da ya rubuta mutum goma sha ɗaya da ke binsa bashi, kuma ta yi wa kanta alkawari ba zai cika shekara a kabari ba sai ta sauke masa duka.

"Ni ban san da wannan bashi ba," in ji shi. "Ki bar shi, an yafe."

"Kai kaɗai ne magajin?"

"Akwai Mama da ƙannena."

"To ba za ka yafe rabon wasu ba. Karɓi ka kai musu."

Ya dube ta da kyau a karon farko, ya yi murmushi. Ya zaro fensir ɗinsa, ya rubuta "an biya" a gaban sunan babansa. Sannan ya nemi lambarta, wai ko magada za su yi tambaya.

Magada ba su yi tambaya ba. Shi ne ya turo saƙo bayan kwana biyu:

"Malamar lissafi, Mama ta karɓa, ta yi wa babanki addu'a. Ni kuma tun shekaranjiya nake yanka katako a karkace. Wa zai biya ni wannan asarar?"

Auta ta yi dariya a bayan kantar kantin maganin da take aiki, har mai kantin ya waiwayo. Rabonta da dariya tun kafin jinyar Baba. Ta rubuta masa:

"Mai fensir, ka gyara awonka. Littafina ya cika, babu layin da zan sa ka."

Daga nan hira ta ƙullu. Ya san yadda take raba albashinta kashi uku: na cefanen gida, na maganin Umma, na littafi. Ya san ta daina hawa mota, da ƙafa take zuwa aiki ta dawo, takalminta ɗaya ya sha ɗinki sau biyu. Wata rana ya kawo mata asusu na katako, ya goge shi sumul, babu murfi babu kwaɗo, sai 'yar kafar zura kuɗi.

"Ta ina ake buɗewa?"

"Ba a buɗewa. Na san hannun mai tausayi, yau ki ba wannan, gobe ki ba wancan."

Abin da ba ta faɗa masa da wuri ba shi ne yadda gidan nasu ya koma. An kwaso kayan shagon Baba an jibge a ɗakinsa, har da agogunan mutane da ba a zo karɓa ba. Yawancinsu sun tsaya. Amma akwai wani na bango da ke bugawa duk ƙarfe huɗu na yamma, daidai lokacin da Baba ya cika, kuma ita dai ba ta taɓa ganin kowa ya murɗa makullinsa ya ba shi wani ba. Wani lokaci tana wanke-wanke sai ta ji tarinsa a tsakar gida, ta juya, babu kowa. Idan aka ƙwanƙwasa ƙofa, gabanta sai ya faɗi, don ta sha ganin yadda Baba yake rage murya ya ce, "A ce ba na nan," sannan ya zauna ya riƙe kai kamar wanda aka mara.

Ranar da ta faɗa masa, suna zaune a kan benci a ƙofar gida, bai ce mata tsoro ne kawai ba. Ya ce, "Ni ma har yanzu ban iya taɓa randar goge katako ta Baba ba. Idan na kusance ta, sai in ji kamar zai ce in riƙe ta daidai."

Ta sunkuyar da kai. "Ina jin kamar yana tsaye a wani wuri yana jirana."

"To za mu sallame shi, sanyin idona. A hankali."

Wannan "mu" ɗin ta kwana biyu tana juya shi a ranta.

Da maganar aurensu ta kai kunnen mahaifiyarsa, sai ta ƙi. Ta ce yarinyar tana da amana, ta gani da idonta, amma gidan da bashi ya yi wa katutu ba ya sakin wanda ya shiga. Ba ta yi wahalar rainon ɗanta don ya ƙare yana biyan abin da bai ci ba. Bai ɓoye wa Auta ba, ita ma ba ta ga laifin tsohuwar ba. Ta dai shiga ɗaki ta daɗe tana kallon rubutun Baba, yadda hannunsa ya fara rawa daga layi na tara.

Layi na ƙarshe shi ne mafi nauyi: hayar shagon Baba ta shekara biyu. Mai shagon, wani ɗan kasuwa mai yawan turare, ya fara zuwa gidan da ledojin kaya. Ya ce wa Umma tsakaninsa da marigayi babu lissafi, idan dai za a zama 'yan gida ɗaya. Umma, wadda ciwo da zaman makoki suka gajiyar, ta kira 'yarta.

"Auta, ba tilasta miki nake ba. Amma dubi wuyanki, duk ƙashi ya fito. Mutumin nan zai ɗauke mana komai a rana ɗaya."

"Umma, ba yafewa zai yi ba. Mayar da bashin zai yi kaina."

Umma ta mayar masa da ledojin.

A wata na goma da rasuwar Baba, Auta ta je ofishin mai shagon da kason watan. Ya tura mata ambulan ɗin baya da ɗan yatsa.

"Ai an biya. Kafintanki ya zo ya zube sauran gaba ɗaya. Ni na yi tayi aka ce ba na sayarwa ba ne, ashe farashin ne bai yi ba."

Ba ta san yadda ta sauko daga benen ba. Tana tsaye a bakin titi, ta rubuta:

"Na ɗauka kai ka fahimce ni. Alkawari ne tsakanina da Baba, ka shiga ka ƙwace min. Yau an kalli idona an ce saye na ka yi. Kada ka ƙara kirana."

Amsarsa ta zo nan take:

"Na yi kuskure da ban tambaye ki ba. Na ji yana zuwa gidanku, tsoro ya kama ni. Ba sayenki na yi ba, ba ni da abin da zai kai. Ki yi fushi iya son ranki, ina nan."

Ba ta amsa ba. Kwana goma sha biyu ta yi tana canja hanya don kada ta bi ta layin shagonsa. A gida agogon bango ya ci gaba da bugawa, ita kuma ta rasa wanda za ta faɗa wa. Ta buɗe littafin don ta soke layin ƙarshe, hannunta ya ƙi.

Rana ta goma sha uku aka aike ta kai magani wani gida, hanya ta bi da ita ta wurin dole. Tun daga nesa ta lura layin ya yi tsit. Ta leƙa. Inda injin yake babu komai, sai tabon ƙafafunsa huɗu a siminti. Shi kuma ya duƙa da zarto yana yanka katako da hannu, rigarsa ta jiƙe sharkaf.

"Ina injin?"

Ya miƙe yana share goshi. "Ya tafi hutu."

"Sayar da shi ka yi."

Ya gyaɗa kai.

Ta zauna a kan wata kujera da ba a gama ba, hawaye suka zubo mata. Da ta share, ta ciro littafin.

"Ba ni fensir ɗinka."

Ya miƙa mata. Ta ja layi na goma sha biyu a ƙasan rubutun Baba, ta rubuta "Mai fensir", ta sa kuɗin injin a gaba.

"Yanzu kai nake bi... kai kake bina. Saura wata biyu shekara ta cika, kuma sai na biya."

"Idan na ce na yafe fa? Wannan karon ni kaɗai ne magaji."

"Sai in daina gaishe ka."

"To ina binki, kuma ni mai naci ne. Kullum zan zo tambaya."

Ta karɓi aikin Asabar da Lahadi a kantin. Ta bi masu agogunan gida gida ta mayar musu da kayansu, wasu suka ba ta kuɗin gyaran da Baba bai karɓa ba. Agogon bangon ma mai shi ya zo ya ɗauka, wata tsohuwar malamar makaranta, ta ce ai haka yake tun fil azal, ƙarfe huɗu kawai ya sani. Umma ta yi ƙasa da kai ta ce ita ce ke ba shi wani duk safiya, don ba ta son ɗakin ya yi shiru. Uwa da 'ya suka dubi juna, suka yi kukan da ba su yi tare ba tun ranar rasuwar.

Saura kwana shida shekara ta cika, Auta ta sa guduma ta fasa asusun, ta haɗa da albashinta. Ba shagon mai fensir ta kai ba. Gidansu ta nufa, ta durƙusa gaban mahaifiyarsa ta ajiye ambulan.

"Mama, kuɗin injin ne. Na so ya bi ta hannunki, don ki san ɗanki bai biya abin da bai ci ba."

Tsohuwar ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ce, "Tashi daga ƙasa, 'yata. Sau biyu ke nan kuɗi na shigowa gidan nan ta hannunki ba wanda ya tambaye ki. Ni ce da bashin haƙuri yanzu. Ki ce wa Ummanki muna nan zuwa."

An ɗaura auren bayan wata uku, kawun Auta ne ya tsaya mata. Ba a yi wani taron a zo a gani ba, don amarya ta ce ko cokali ba za a ci bashi a kansa ba, ango kuma ya ce shi bai isa ya ja da malamar lissafi ba. Gado da kujeru da kabad duk shi ya yi su, kowanne ya ɗan fi ƙarfin ɗakin, sai da aka cire ƙofa kafin kabad ɗin ya shiga.

Da aka kai ta, iyayen biyu mata suka zauna gefe da gefe a bakin gadon. Umma ta kama hannun 'yarta ta sa a cikin na surukinta.

"Ga ta nan. Ba ta iya hutawa ba, kai za ka koya mata."

"Zan yi ƙoƙari, Umma."

Mahaifiyarsa ta ɗora tafinta a kan hannayen nasu. "Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya rufa muku asiri, Ya ba ku zuriya mai jin ƙanku kamar yadda kuka ji ƙan iyayenku. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya kai musu labarin wannan rana."

Kowa ya ce amin. Auta ta ji ya ɗan matse yatsunta a ƙarƙashin hannayen iyayen, ita ma ta matse nasa.