Mace Mai Sikeli A Teburin Aling Panyang

Ranar Juma'a ce, unguwar Quiapo babu masaka tsinke, aka buga waya caji ofis cewa an tsinci gawar Aling Panyang a gindin matakalar benen da take haya. Tsohuwar da ta tsufa tana yi wa mutane duba da katin tarot a jikin katangar coci, ita ce kwance da rana tsaka, ƙeyarta a fashe.

Kafin Sufeto Macaraeg ya iso, jama'ar unguwa sun gama shari'arsu. Sun damƙe Ligaya mai sayar da kyandir, sun yi mata dukan kawo wuƙa, sun yaga mata riga, suka miƙa ta ga Sajan Dimaano. Mutanen da ke sayen kyandir a hannunta kullum su shiga addu'a! Tir da wannan hali namu.

"Wa ya ga ta tura ta?" Sufeto ya tambaya.

"Babu, yallaɓai," in ji Sajan. "Wai kati ne ya nuna ta."

"Kati? To madalla. Sai mu rufe ofis mu ba kati kakinmu."

Ya hau sama ransa a ɓace. A ɗakin ya tarar da Jovelyn, 'yar ƙanwar marigayiyar, wadda ta rena tun tana rarrafe. Kuka take, amma jan bakinta ko gezau. A kan tebur ga tsofaffin katuna a jere, sun yi baƙi da maiƙon hannu. Na tsakiya hoton mace ne riƙe da sikeli da takobi.

"Ke ma duba kike yi?"

"A waya nake nawa, yallaɓai. Mabiyana sun fi mutanen dandalin nan yawa."

"Me teburin nan yake cewa?"

Ta share ido. "Tiya, wato yayar mahaifiyata, ba ta fara duba sai ta haɗa lambobin ranar haihuwar mutum. Abin da ya fito shi ne lambarsa, sai ta zaro katin wannan lamba ta sa a tsakiya. Ligaya sha ɗaya ce, kowa ya sani, Tiya ma Sha-ɗaya take kiranta. Wannan kuwa Adalci ne, katin sha ɗaya. Ita take yi wa duba lokacin da abin ya faru."

"Ke kina ina?"

"Ina kasuwa. Da na dawo na gan ta a ƙasa."

A bayan ƙofa Sufeto ya ga kwandon kyandir. Ya ce Sajan ya ɗauko shi, ya kuma kwashe katunan a leda.

A caji ofis, Ligaya tana tsare a bayan kanta, idonta ɗaya a kumbure. Tana da goyo, an baro jaririn wurin maƙwabta, kuma ta ji da kunnenta ana cewa ranar Litinin za a kai ta kotu da laifin kisan kai.

"Kin je ɗakin Aling Panyang yau?"

"Ban je ba, yallaɓai."

Ya dire kwandon a gabanta. "Wannan da ƙafarsa ya hau bene?"

Sai ta fashe da kuka. "Na je da safe. Ita ta ce kada in faɗa wa kowa. Gwiwarta ta fara hana ta fitowa, shi ne take koya mini duba a ɓoye. Ta ce ni za ta bar wa kujerarta da katunanta. Na bar ta lafiya lau tana shan kofi, na rantse da Allah."

"Ƙaryar nan da kika yi ta isa ta rufe ki har ɗanki ya yi gemu. Ta yi miki duba yau?"

"A'a."

Ya zaro katin tsakiya ya nuna mata. "To me katinki yake yi a teburinta?"

Ta ƙura masa idon da ya rage. "Wannan ba nawa ba ne. Nawa mace ce da ta riƙe bakin zaki. Kullum shi take sa mini, ta ce ni ce mai haƙurin da ke danne zaki."

Sufeto bai yarda da duba ba ko na anini, matarsa ma ya sha yi mata faɗa a kansa. Amma ya kai katin bakin taga ya karkata shi. A samansa akwai wata lamba irin ta fuskar tsohon agogo, ta kusa gogewa. Ya ƙirga sandunanta sau biyu. Takwas ce.

Ya fita dandali, ya ratsa masu sayar da ganyen magani da masu furanni, har kujerar Mang Tibo. Shi ma tsohon mai duba ne, kuma shi da marigayiyar sun shekara suna zagin juna a kan abokan ciniki.

"Mang Tibo, an ce ba kwa ga-maciji da ita."

"Ni? Haba yallaɓai! Uwa ɗaya uba ɗaya muke da Panyang."

"Shi ya sa ka jefe ta da takalmi ranar Lahadi?"

Tsohon ya sosa sanƙonsa. "Takalmin ne ya suɓuce."

"Ba ni katin sha ɗaya."

Bai ko duba ba ya zaro ɗaya daga nasa ya ajiye. Mace ce riƙe da bakin zaki.

"An ce mini mai sikeli ce sha ɗaya."

"Wane jakin ya ce maka? Wannan karatun yaran waya ne. A sabon katinsu mai sheƙi an musanya biyun, mai sikeli ta koma sha ɗaya, mai zaki ta koma takwas. Mu da muka gaji tsohon, Adalci takwas ne, lambar da in ka raba ta biyu kowane ɓangare ya yi daidai da ɗan'uwansa. Panyang ta gwammace ta haɗiye katin da ta sa wa Ligaya mai sikeli."

"Daga kujerarka ana hango ƙofar benenta. Wa ka gani?"

"Ban ga kowa ba."

Nan fa Sufeto ya harzuƙa. Ya buga tebur har katuna suka yi tsalle. "Kana zaune a nan aka yi wa mai goyo duka a gabanka, ka yi shiru! Ranar Litinin za a kai ta kotu. Ka faɗa mini a nan, ko ka faɗa a bayan kanta."

Mang Tibo ya sunkuyar da kai. "Na ji tsoron a ce ni ne. Ligaya ta sauko da hantsi, Panyang ta leƙo taga tana yi mata tsiya a kan kwandon da ta manta. Can anjima Jovelyn ta hau. Ta daɗe a sama kafin ta fito tana ihu."

Sufeto ya sa aka kira Jovelyn ofis, aka ce ta taho da katunan aikinta. Ta zo da baƙar riga, an ga alama har ta je gyaran gashi.

"Ki taimake ni," ya ce a sanyaye. "Alƙali ba zai fahimci lissafin nan ba. Nuna mini yadda ake ware katin mai sha ɗaya."

Ta buɗe sabbin katunanta masu ƙyalli, ta zaro mai sikeli ta ajiye tana murmushi.

"Tiyarki ce ta koya miki?"

"Tiya? Katunanta warin man zafi suke. Ko taɓa su ba na yi. Ni a intanet na koya, a wurin ƙwararru."

Ya ajiye tsohon katin kusa da nata. "Karanta mini lambar da ke sama."

Ta duƙa, ta daɗe tana kallo. Murmushin ya tafi.

"Takwas ce," in ji shi. "A katin tiyarki sha ɗaya mai zaki ce. Ita ta sani, Ligaya ta sani, Mang Tibo ya sani. Wanda ya jera teburin nan hoton ya bi, kuma da sabon kati ya saba. Sannan an gan ki kin hau, kin daɗe a sama. Me kike yi a ɗaki, gawa tana ƙasa?"

"Ƙila Tiya ce ta rikice, ai ta tsufa..."

"Rufe mini baki! Matar da ta goya ki a bayanta, yanzu kuma hankalinta za ki ci?"

Jovelyn ta miƙe, muryarta ta sauya.

"Ni ce jininta! Ni! Ta dube ni ta ce kujerar da mutane ke layi a gabanta mai kyandir za ta bar wa, wai ni ban san darajar kati ba. Na ce ta sake tunani, ta ce ta gama magana, ta juya za ta sauka. Hannu ɗaya kawai na sa mata. Ban yi nufin..."

"Da ta faɗi, tana numfashi?"

Ta kau da kai.

"Na ce tana numfashi?"

"Tana kiran sunana."

"Ke kuma kika koma ɗaki kina neman katin da za ki ɗaure wata da shi."

Ba ta musa ba. Sajan Dimaano, da ya ga abubuwa da yawa a aikin nan, sai da ya tofar da yawu kafin ya sa mata ankwa. Tana roƙon a bar ta ta rufe fuska kada mabiyanta su gane ta. Haka ya tasa ƙeyarta, fuska a buɗe.

Sufeto da kansa ya buɗe wa Ligaya. Ya ba ta rigar ruwansa ta rufe yagaggiyar rigarta, ya gaya mata wanda ya yi kisan. Kunya ta hana shi haɗa ido da ita.

"Tafi gida wurin ɗanki. Babu laifin komai a kanki."

Ta kai bakin ƙofa, sai ta tsaya.

"Yallaɓai, ina aka kai ta?"

"Tana ɗakin ajiye gawa. Dangi za su zo su karɓa."

"Ba ta da kowa sai wadda kuka shigar ciki yanzu." Ta goge hancinta da bayan hannu. "Ba a barin gawa ita kaɗai, yallaɓai. Bari in ɗauko ɗana in dawo. Ni zan zauna da ita."