Muryar Abban Auta a Tsohuwar Kwamfuta

Yammacin da abin ya soma bai zo da wata alama ba. Rana ta faɗi kamar kullum, maƙwabta suna ta kiran 'ya'yansu su shigo gida. Umma ta rufe keken ɗinkinta da tsohon zane, ta kakkaɓe zaren da ya maƙale mata a jiki. Da ta idar da magariba sai ta shiga ɗan ɗakin marigayi mijinta ta tura ƙofa, kamar yadda ta saba tun da aka kai shi makwancinsa, ta bar Auta, 'yarsu tilo, tana karatu a falo.

Ɗakin ba wani ɗaki ba ne. Tebur ne da kujera, da kabad cike da naɗaɗɗun takardun zanen gidaje, don sana'arsa ke nan, sai tsohuwar kwamfutarsa wadda batirinta ya daɗe da mutuwa, ba ta motsi sai an jona ta da wuta. Duk abin da ya rage nasa a cikinta yake: hotunan Auta tun tana rarrafe, tatsuniyoyin da ya naɗa mata da muryarsa don ta riƙa ji in ya yi tafiyar aiki, da wani guntun sauti da ya ɗauka ranar da ya sayo makirfo yana gwada shi. Wannan guntun Umma take shigowa ji kowace yamma. Iyakar iliminta na kwamfuta ke nan: ta kunna, ta danna wurin, ta kashe.

"Ana ji? Ana ji?" in ji muryar. "Mai keke, zo ki ce wani abu mana." Sai tata muryar daga can nesa: "Hannuna da sabulu, ka ƙyale ni!" Sai ya fashe da dariya, irin tasa mai ƙarewa da tari.

Ran nan muryar ta ce, "Ana ji? Ana," sai ta tsaya cak. Umma ta jira. Ta danna nan, ta danna can, babu abin da ya motsa a fuskar kwamfutar. Daga cikinta wata ƙara take fitowa a hankali, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ɓera na cin katako. Gaban Umma ya faɗi, irin faɗuwar da ya yi ranar da likita ya kira ta gefe.

Washegari ta naɗe kwamfutar a tawul ta kai wa mai gyara. Ya kara kunne a jikinta, ya girgiza kai.

"Mama, faifan ajiyarta ne ke mutuwa. Ba gyara ake yi ba, gudu ake yi da abin da ke ciki. Ki bar min ita ta kwana."

"Ta kwana a ina? A nan, cikin tarkacen mutane?"

Ya yi lallashin duniya, Umma ta kafe. Matar da ba ta yarda a taɓa ko bironsa ba, ita ce za ta bar muryarsa a shago? Da ya gaji sai ya miƙo mata ɗan filashi, 'yar ma'ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, ya ce a kwafe kayan a ciki, a fara da abin da ya fi muhimmanci, kuma kada a yi ta kashewa ana kunnawa, don kowace kunnawa tana rage mata kwana.

Auta ce ta zauna aikin, tunda ita ce 'yar boko. Yarinya ce mai kai, kuma kan ne ya ja musu. Ta yi tunanin tunda yar da kwamfutar za a yi, ai bai kamata hotunan gidansu da muryar abbanta su ragu a ciki ba, wani mai tsintar kayan bola ya je ya buɗe. Saboda haka ba ta kwafa ba, yankowa ta riƙa yi. Duk fayil ɗin da ya shiga filashi, ya bar kwamfutar ke nan har abada.

Hotuna sun wuce da ƙyar. Tana taɓa tatsuniyoyin, layin nan mai nuna ci gaban aiki ya kai rabi ya daskare. A daidai lokacin wani abu ya faɗo a kan rufin kwano, ƙwal! Ita da Umma suka dubi juna. Sai wani, sai wani, tsakuwa tana zuba kamar ana sauke tifa. Umma ta fita da fitila tana faɗa, a zatonta 'ya'yan unguwa ne. Waje shiru, ba kowa. Da ta dawo ta tarar da tsakuwa a kan teburin, cikin ɗakin da tagarsa ke rufe.

Daga ranar gidan ya canja. Magariba na yi jifa zai soma. Wani lokaci Umma tana kicin ta ji an ce, "Ana ji? Ana ji?" daga ɗakin marigayi, alhali ta san da hannunta ta cire wayar daga bango. Amma duk wannan wasa ne a kan abin da ya sami Auta. Yarinyar ta fara tsayawa. Tana cikin magana, ko ta ɗago cokali zuwa baki, sai ta daskare a haka, ido a buɗe, ba ƙiftawa, haƙoranta suna ƙas, ƙas, ƙas. Umma ta jijjiga ta, ta yayyafa mata ruwa, ta kira sunan Allah har muryarta ta dishe. Can sai ta dawo ta ƙarasa maganar daga inda ta tsaya, ba ta san an yi komai ba. A asibiti aka auna duk abin da ake aunawa, aka ce lafiyarta lau.

Umma kuwa, Allah ya yafe mana baki ɗaya, ba ta daina kunna kwamfutar ba. Kowace yamma sai ta ce yau kaɗai, wataƙila yau ta saki. Ta kunna, ta daskare, ta kashe ta ƙarfi, ta sake kunnawa. Sai da ta lura cewa duk sanda kwamfutar ta tsaya, a falo Auta ma ta tsaya, kuma kowace tsayuwa tana fin ta jiya tsawo. Ranar da ta gane haka ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ba ta yi ba ko a zaman makoki.

Yayanta ne ya kawo Malam, wani dattijo siriri mai sanyin magana wanda ya daɗe yana fama da irin waɗannan baƙi. Ya zo da la'asar, ya saurari labarin duka bai katse ta ba. Ya dubi kwamfutar daga nesa, ya ce shi dai ko wayarsa jikokinsa ke sa masa lamba, amma mai jifa da tsakuwa ya san harshensa. Ya ce a zaunar da Auta a tabarma cikin ɗakin, a kunna na'urar.

Rana tana faɗuwa ya fara karatu. Duhu ya shigo ɗakin a hankali, hasken kwamfutar kaɗai ke kan fuskokinsu. Ƙarar nan ta soma. Auta ta sandare. Malam bai ɗaga murya ba, ya dai ci gaba, aya na bin aya, har wuyan yarinyar ya juya sannu sannu ya fuskance shi.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni."

Muryar ba ta Auta ba ce. Busasshiya ce, kamar ana jan kujera a kan siminti.

"Wane ne kai, me ka zo nema a jikin marainiya?"

"Ni ba zuwa na yi ba. A bayan kabad ɗin nan nake tun kafin a haife ta. Mai zanen ba ya damuna, ba na damunsa. Yana aiki ina kallo, yana tatsuniya ina saurare. Da ya mutu na ce shi ke nan, sai ga matar nan tana kunna min shi kullum. Mu biyu muke zama, ita a kujera, ni a kusurwa." Muryar ta yi rawa. "Sai yarinyar nan ta zo tana kwashewa. In ta ɗauka ba ta bari. Ɗaya bayan ɗaya tana yashe min ɗaki."

Duk yammacin da Umma ta ɗauka ita kaɗai ce da mijinta, ashe da mai taya ta ji.

"Gadon marainiya ne," in ji Malam. "Ba ka da ko ƙwayar zarra a ciki. Ka fita."

"In na fita na'urar ta mutu. Kana tsammanin ƙarfen nan da kansa yake numfashi? Ya daɗe da ƙarewa, ni nake riƙe da shi. Ƙona ni, ka ga ko za ta sake jin muryarsa."

Malam ya juyo wurin Umma. "'Yata, da izinin Allah zan iya fitar da shi yanzu. Na'urar kuwa ban san komai a kanta ba, ba zan yi miki alkawari ba."

Umma ta dubi teburin, ta dubi tabarmar. Ta ce, "Fitar da shi, Malam. A ba ni 'yata."

Abin da ke jikin Auta ya daɗe yana kallon Umma.

"Ashe za ki iya," ya ce. "To ku ji. Zan riƙe ta ku kwashi rabonku, amma kwafa, ba yankowa ba. A bar min nawa a ciki. In an gama a ba ni gawar na'urar in tafi da ita, ba za ku sake jin ɗuriyata ba."

"Ba yanka, ba turare, ba wata hidima," in ji Malam. "Tsohon ƙarfe kawai. Kuma ka rantse da wanda ya halicce ka."

Ya rantse. Sai dai mai iya aikin tana kan tabarma a sandare, Malam kuwa ya riga ya ce bai san komai a kan na'ura ba. Dole Umma ta ja kujera ta zauna, aljani yana koya mata kwamfuta da bakin 'yarta.

"Ba nan ba, ƙasa. Danna na dama. Na dama na ce, mai keke! Shekara nawa kina kallonsa yana yi?"

Ta zaɓi komai gaba ɗaya, ta kwafa, ta manna a filashi. Ƙarar ta ɗauke. Layin ya fara tafiya, tatsuniyoyi suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowace da sunan da ya sa mata. Umma tana bin layin da ido tana salati. Gargaɗin mai gyara na a fara da mafi muhimmanci bai faɗo mata ba sai yanzu, ga shi guntun nata shi ne can ƙarshen jeri.

"Yi sauri," in ji muryar, ta fara shaƙewa. "Da ƙarfin jikinta nake riƙewa."

Umma ta waiga. Gumi ya jiƙe Auta sharkaf, leɓɓanta sun yi fari, wani siririn jini yana gangarowa daga hancinta. Layin ya kusa cika. Saura kaɗan, ɗan kaɗan, sunan guntun har ya bayyana a fuskar kwamfutar. Numfashin yarinyar ya fara sarƙewa, yana fita da ƙyar, yana dawowa da ƙyar.

"Minti ɗaya," in ji muryar. "Ba shi kike so ba?"

Shi take so. Allah ya sani shi take so fiye da duk sauran. Ta miƙa hannu ta fizge wayar daga bango.

"Sake ta!"

Ɗakin ya yi duhu. Auta ta sulale a tabarma, ta ja dogon numfashi, ta yi atishawa, ta ce, "Umma, ƙishirwa nake ji." Malam ya ƙarasa addu'o'insa, ya naɗe kwamfutar a tawul ɗin nan, ya sa a hammata, yayan Umma ya raka shi. Inda ya kai ta bai faɗa ba, ba su kuma tambaya ba. A bakin ƙofa wata 'yar tsakuwa ta gangaro daga rufi ta faɗi a hankali, daga ita ba a sake jin wata ba.

Mai gyara ya duba filashin ya ce sun yi sa'a, hotuna da tatsuniyoyi duk sun tsira. Guntun ne kawai ya shigo babu komai a cikinsa, suna ne ba murya.

Da magariba ƙafafun Umma suka kai ta ɗakin da kansu. Ta zauna gaban teburin da babu komai a kai sai shacin inda kwamfutar take a cikin ƙura. Ba ta tura ƙofa ba, don babu abin da za ta rufe a kansa. Tana zaune sai ta ji daga bayanta:

"Ana ji? Ana ji?"

Ta zabura, hannu a ƙirji. Auta ce tsaye a bakin ƙofa, idonta ras, muryarta tata.

"Ni ce, Umma, wallahi ni ce. Na haddace shi. Kullum in kin rufe ƙofa, a nan jikin bango nake zama ina ji." Ta gyara murya. "Mai keke, zo ki ce wani abu mana."

Umma ta sauke hannu daga ƙirji. Da ƙyar ta ce, "Hannuna da sabulu, ki ƙyale ni."

Yarinyar ta fashe da dariya tana hawaye, dariyar ta ƙare da tari. Umma ta matsa gefe a kujerar, ta ce mata ta shigo ta zauna.