Jita da Kwalayen Takalman Alhaji Sambo

Ranar da Muzzammil ya shiga shagon takalman Alhaji Sambo a Gwandu, ba takalmi ya kai shi ba. Fiddausi, 'yar Alhajin, ita ke tsaron shago.

"Don Allah 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima, na cikin kwalin takalmi, nake nema."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Malam, dafawa za ka yi?"

Ya yi dariya, ya faɗa mata damuwarsa. Su shida ne ɗaki ɗaya a Kalgo inda yake karatu, kowa a ciki yake shanya jiƙaƙƙen wando, ga marka ta ƙi ɗaukewa. Jitar marigayi yayansa kuwa wuyanta ya fara lanƙwashewa saboda laima.

Ta ba shi biyar. Ya dawo, ta ba shi goma. Kai, kafin wata ya ƙare ya kwashe na kowane kwali, ya haɗa da zuciyar yarinya!

"Fiddona, yau ma na kasa karatu. Na buɗe jakar jita, ƙamshin turarenki ya fito."

"Mai jitata, ka yi karatu mana! Na tara maka wasu."

Sai ga takalman fata sun yi funfuna, fari fat. Alhaji ya dinga buɗe kwali bayan kwali, babu ƙunshi ko ɗaya. Fiddausi ta faɗi gaskiya tana kuka.

"Makaɗi, kuma mai ɓata min kaya? Kada in ƙara jin sunansa a gidan nan!"

Kwana uku Muzzammil ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya san abin da zai sami jitar, amma rasa Fiddausi ya fi ba shi tsoro. Rana ta huɗu ya juye ƙunshin duka a leda, ya hau mashin sai Gwandu, ya durƙusa gaban Alhaji.

"Baba, laifina ne, ba nata ba. Ga su. Ka bar ni in goge takalman."

Sati biyu yana zuwa yana gogewa, Alhaji ko kallo. Jita tana can tana shan laima, wuya ya karkace, sauti ya mutu.

Ranar ƙarshe Alhaji ya ce, "Ita fa jitar taka?"

"Ta lalace, Baba."

Alhaji ya ce, "Turo manyanka."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Cikin kayan ɗakin amarya aka ga wani kwalin takalmi, babu takalmi, ƙunshi ne fal. A murfin Alhaji ya rubuta da hannunsa: "A kai jitar gyara. Allah ya yi muku albarka."