Igiyar da Almu Ya Damƙa wa Atika

Atika na zaune a tsakar gidan yayanta Almu a Illela, mata sun kewaye ta suna ta kallo kamar ba su taɓa ganin mutum ba. Shekara ashirin ke nan da aka sace ta a bakin rijiya, aka yi ta sayar da ita hannu zuwa hannu har Lakwaja. A can ta sami 'yanci, ta zama mai bin Almasihu, ta auri Ɗanladi maɗinki. Shi ya rako ta neman dangi a ƙarshen zamanin daular Sakkwato, kafin Turawa su ci ƙasar.

Ana cikin haka Almu ya shigo yana jan wata tsohuwa da igiya a wuya.

"Atika, kin gane wagga?"

Ta gane ta sarai. Gwamma ce mai fura, wadda ta yaudare ta da dabino ta miƙa ta ga fatake.

"Yaƙi ya ci garinsu, anka kawo ta kasuwa, ni kau na saye ta," in ji Almu. "Ga ta, kyauta na ba ki. Gobe fataken Azbinawa za su tashi, ki saishe ta gare su, ta tahi ta mutu cikin rairai!"

Ya damƙa mata igiyar. Atika ta riƙe gam, kuma gaskiya daɗi ta ji.

Ɗanladi ya kira ta gefe. "Atika, kullum da safe muna roƙon Ubangiji ya nuna mana hanya. Wannan ma ki tambaye shi."

"In tambai wa? Kai anka yi ma tsirara cikin kasuwa? Uwata ta mutu tana kiran sunana, kai kana ce mani in tambaya!"

"Ni ma an sayar da ni, kin sani. Ba zan hana ki ba. Amma in kika sayar da mutum, ban san yadda zan sake durƙusawa kusa da ke ba."

Almu da ya kasa kunne ya yi tsaki. "Wanga shi na miji? Ɗinki ya cinye mashi zuciya! Ki bar shi ya koma inda ya hito, gidan ubanki bai rushe ba."

Mata suka ɗauka da "ƙwarai kuwa!" Dangi dai sun iya zuga, musamman in ba su ne za su kwana da abin ba. Ɗanladi ya juya. Ya koma zaure ya ɗauki allurarsa, wannan ya ƙara tunzura Atika.

Washegari da hantsi ta ja Gwamma zuwa zangon Azbinawa da kanta, Almu na biye. Wani Ba'azbine ya taso, ya kama haɓar tsohuwar, ya buɗe mata baki da yatsa yana duba haƙora. Atika ta ji ɗanɗanon yatsa mai gishiri a nata bakin, na mutumin da ya yi mata haka tana 'yar shekara tara. Ba ta shirya yin addu'a ba, ita ta kuɓuce mata.

"Ya Almasihu, ba ni so! Wallahi ba ni so! Amma in kai kac ce, to."

Ba ta ji wata murya ba. Ta dai san ba za ta iya miƙa igiyar ba. Ta ture hannun mutumin.

"Jama'a ku shaida! Wagga baiwata ce, yayana ya ba ni. Na ɗiyauta ta, na ba ta 'yanci!"

"Kin haukace?" Almu ya daka tsawa. "Kyautata za ki watsa mani ga ido gaban mutane?"

"Ka ba ni ko ba ka ba ni ba, Yaya?"

Kowa dai ya san ya bayar. Gwamma ta zube tana kuka za ta kama ƙafarta, Atika ta ja da baya.

"Kak ki taɓa ni! Har yanzu ban son ganinki. Tashi ki tahi."

Ta koma gida tana kuka, fushin bai sauka ba. Ɗanladi ya tare ta a ƙofar zaure, ya share mata fuska da bakin rigarsa.

Kwana uku Almu bai yi musu magana ba. Ran da za su tashi sai ga shi da jaki da guzuri, ya tsaya gaban Ɗanladi yana kallon ƙasa.

"Addininku ban bin shi. Amma ka riƙe mani ita da kyau, suruki."

Masu karatu, bin Ubangiji ba sai zuciya ta huce ba. Atika ta yi biyayya tana tafasa, kuma da haka ta tsira da mijinta, ta tsira da yayanta, ba ta zama mai sayar da mutum ba.